Yadda Ake Koyar da Ɗaliban Sakandare Kwaminisanci da Sauran Aƙidun Siyasa

Shekarar da na fara koyarwa a wata sakandaren gwamnati a cikin Kano, an haɗa mini darasin Gwamnati da na ilimin zama ɗan ƙasa, wanda yara ke kira Sibik. Ranar da muka zo kan aƙidun siyasa na shiga aji da ma'anoni rubuce tsaf a littafina: jari-hujja, gurguzu, kwaminisanci, fasisanci, mulkin kama-karya. Na cika allo, yara suka kwafa. Ana saura kaɗan a kaɗa ƙararrawa sai wata yarinya da ke zaune kusa da taga ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, kakana ya ce an taɓa ɗaure shi saboda jam'iyyar NEPU, kuma ana ce musu 'yan kwaminis. To shi ma bai yarda da Allah ba ke nan?" Ajin ya yi tsit. Na waiwaya na dubi allon, babu layi ɗaya a kansa da zai amsa mata. Abin ya tsaya mini a rai har na koma gida, kuma daga wannan rana na sake tsarin yadda nake koyar da batun. Abin da ke biye shi ne tsarin da na zauna a kansa. Yana cin darasi shida na minti 40, wato kamar mako uku, kuma na gwada shi a ajin da ya haura yara 70.

Kafin ka shiga aji

Fara da gyara kalmominka. A Hausar rediyo da ta jarida kalmar gurguzu tana ɗaukar kaya biyu: wani lokaci ana nufin tsarin da gwamnati ke riƙe manyan hanyoyin arziki don amfanin jama'a, wani lokaci kuma ana nufin kwaminisanci kansa. Idan ka bar su a cakuɗe, yaran za su cakuɗa su a jarrabawa. Ni nakan ware su tun ranar farko. Gurguzu babbar rumfa ce, a ƙarƙashinta akwai masu neman sauyi ta akwatin zaɓe, akwai masu nemansa ta juyin juya hali. Kwaminisanci kuwa reshe ɗaya ne, wanda ya fito daga Karl Marx ya bi ta hannun Lenin, burinsa a kai ga al'ummar da babu mai gida babu bara, kuma a aikace jam'iyya ɗaya ce ke riƙe ragamar komai. Ka rubuta sunan Turanci na kowace aƙida a gefen allo, tun da da Turanci za su amsa wa WAEC da NECO, amma bayanin ka yi shi da harshen da zai shiga kunnensu.

Sannan ka leƙa ofishin shugaban makaranta ka shaida masa abin da za ka koyar, ka nuna masa inda yake a manhaja. Minti biyar ne, amma zai tsare ka ranar da wani uba ya zo da ƙorafi. Ni ya taɓa faruwa da ni. Wani dattijo ya zo ransa a ɓace, ya ce, "Malam, ɗana ya ce kana koya musu aƙidar waɗanda suka ce babu Allah." Na ba shi kujera na ce, "Baba, likita ma yana karanta abin da ke warkarwa da abin da ke kashewa. Ga littafin yaron, duba abin da muka rubuta." Ya karanta, muka rabu da musabaha. Da ban sanar da shugaban tun farko ba, da maganar ta yi tsawo.

Darasi na farko: fara daga gona

Kada ka ambaci Marx ko Rasha a rana ta farko. Tambaye su wa ya san gandu. Ko a tsakiyar birni za ka sami yaran da kakanninsu ke ƙauye, su za su yi maka bayani: gonar gida ce, kowa ya yi aiki a cikinta ƙarƙashin maigida, hatsin ya shiga rumbu ɗaya, a ci daga tukunya ɗaya. Sai ka tambayi gayauna, ɗan filin da ake yanka wa saurayi ya noma wa kansa da yamma ko a ranakun da ba a fita gandu, abin da ya samu nasa ne, ya sayar ya yi ɗinki ko ya tara kuɗin aure. Sai gayya, inda samarin unguwa ke taruwa su nome gonar mutum ɗaya a yini. Daga nan ka jefa tambayar da za ta ɗumama ajin: a ina saurayi ya fi zage damtse, a gandu ko a gayaunarsa? Kuma idan ya kwanta ciwo damina guda, wanne ne zai ciyar da shi?

Bar su su yi gardama. Wasu za su ce kowa ya fi kula da nasa, wasu su ce ai gandu ne rufin asirin gida. Ba tare da sun sani ba sun riga sun shiga muhawarar da ta raba duniya gida biyu a ƙarni na 20.

A ƙarshen darasin ka rubuta tambayoyi uku a babban kwali ka manna a bango, su zauna a can har ƙarshen zango. Wa ya mallaki gona da masana'anta da kasuwa? Wa ke yanke shawarar abin da za a samar da yadda za a raba shi? Me ke faruwa da wanda ya ce bai yarda ba? Duk aƙidar da za ku taɓa nan gaba, da waɗannan ukun za ku auna ta. Ta ukun ita ce wadda littattafan jarrabawa suka fi tsallakewa, ni kuwa ita na fi riƙewa, domin a nan ne ake gane bambancin abin da aƙida ta alkawarta da abin da ta aikata.

Darasi na biyu: shagon tela, sannan Marx

Zana shagon ɗinki a allo. Mai shago yana da keke biyar da teloli biyar. A ce kuɗin ɗinkin riga naira 5,000 ne. Telan da ya ɗinka ya karɓi 1,500. Zare da wuta da haya suka ci 1,000. Saura 2,500 suka shiga aljihun mai shago, wanda bai taka keke ba. Tambaye su: wannan 2,500 haƙƙin wa ne?

Rabin ajin za su ce na tela ne, guminsa ne. Sauran za su ce ai mai shago ne ya sayi kekunan, shi ya nemo masu kawo ɗinki, kuma idan gobara ta tashi shi ke da asara. Ka rubuta hujjojin ɓangarorin biyu a allo yadda suka faɗe su. Sai yanzu ka gabatar da mutanen. Hujjar masu goyon bayan mai shago tana da asali a tunanin Adam Smith, ɗan Sukotlan da ya fitar da babban littafinsa kan arzikin ƙasashe a 1776, inda ya nuna cewa neman riba da gasa a kasuwa suna sa a samar da abin da jama'a ke buƙata. Hujjar masu goyon bayan tela kuwa ita ce zuciyar tunanin Karl Marx, Bajamushen da aka haifa a 1818 ya mutu a Landan a 1883. A wurinsa wannan rarar ita ce ƙwarar da mai jari ke yi wa ɗan ƙwadago, kuma tarihin duniya gaba ɗaya kokawa ce tsakanin masu mallaka da masu yi musu aiki.

Yara suna bukatar su ga duniyar da Marx ya gani, in ba haka ba za su ɗauka fushinsa na banza ne. Ba su labarin masaƙun Manchesta, inda abokinsa Friedrich Engels ya yi aiki a kamfanin da mahaifinsa ke da hannun jari. Ana aiki sa'a goma sha biyu ko fiye a yini, ƙananan yara na rarrafe ƙarƙashin injina suna tsince zare. A 1819 majalisar Ingila ta hana ɗaukar yaran da ba su kai shekara tara ba aiki a masaƙun auduga, amma sai a 1833 aka naɗa masu sa ido don tabbatar da dokar. Ka tuna musu cewa daga baya, a zamanin mulkin mallaka, audugar da aka noma a ƙasar Zazzau da Katsina irin waɗannan masaƙu aka riƙa kai wa. A 1848 Marx da Engels suka fitar da ɗan littafin da ya zama sanarwar 'yan kwaminis, suna kiran ma'aikatan duniya su haɗa kai su karɓe masana'antu.

Nan ne kuma wurin da ya dace ka sa fasisanci da sauran a taƙaice, ka auna su da tambayoyi ukun da ke bango. Mussolini ya hau mulkin Italiya a 1922, ya mamaye Habasha a 1935, kuma sojojin Nijeriya na cikin waɗanda suka yaƙi dakarunsa a Somaliya da Habasha a 1941. Hitler ya hau a Jamus a 1933, gwamnatinsa ta hallaka Yahudawa kimanin miliyan 6. A tsarinsu an bar masu jari da dukiyarsu muddin suna yi wa shugaba biyayya, wanda ya ƙi kuwa kurkuku ko kabari.

Darasi na uku: wasan ambulan

Wannan shi ne darasin da tsofaffin ɗalibaina suka fi tunawa idan mun haɗu a hanya. Kayan aikinsa tsofaffin jaridu ne, da gam, da marafen kwalbar lemo kamar 200 a matsayin kuɗi. Raba ajin rukuni-rukuni na mutum takwas zuwa goma, ka nuna musu yadda ake naɗa ambulan. Kai ne mai saye. Kowane zagaye minti bakwai.

A zagaye na farko ka zaɓi mutum ɗaya a kowane rukuni ta ƙuri'a, ka ba shi takardun da gam, shi ne mai jari. Kana sayen kowace ambulan a marafi biyu, shi kuma ya biya ma'aikatansa yadda suka daidaita, kuma yana da ikon korar wanda ya ga dama. Za ka ga hannu na sauri, ambulan na taruwa, amma a ƙarshe mai jari na da tuli, wasu na da biyu ko uku, wanda aka kora ba shi da ko ɗaya. A wani aji nawa yaran wani rukuni sun ajiye aiki suka ce sai an ƙara musu. Babu wanda ya koya musu, sai na tsayar da wasan na ce, "Abin da kuka yi yanzu shi ake kira yajin aiki."

A zagaye na biyu ka karɓe kayan aikin daga masu jari, ka naɗa kwamitin mutum uku na dukan ajin. Su za su faɗi adadin da kowane rukuni zai yi, su karɓi kuɗin gaba ɗaya, su raba daidai wa daida. Wanda ya yi ƙorafi, kwamiti na da ikon fitar da shi ya tsaya a bayan aji. Ka zuba ido. Sau da yawa wasu sukan sassauta hannu tun da rabon ɗaya ne, wasu rukunan su yi ambulan barkatai don dai adadi ya cika, wani lokaci kuma 'yan kwamiti su ware wa kansu ɗan ƙari. Amma babu wanda ya tashi hannu wofi, ka tabbata yaran sun lura da wannan ma.

A zagaye na uku ka mayar wa masu jari kayansu, amma ajin ya kaɗa ƙuri'a kan mafi ƙarancin albashi da kuma harajin da za a cire daga riba a taimaki wanda bai sami aiki ba. Wannan shi ne gaurayen tsari, irin wanda ƙasashe kamar Suwidin suka bi, da Birtaniya lokacin da ta kafa hukumar lafiya ta kyauta a 1948.

Kada ka tsara wasan yadda dole wani zagaye ya faɗi. Na taɓa samun ajin da zagaye na biyu ya fi kowanne yawan ambulan, saboda yaran sun shaƙu, kowa na jin kunyar ɗan'uwansa ya ga yana lalaci. Na karɓi sakamakon yadda ya zo, na tambaye su ko wannan kunyar za ta yi aiki a ƙasa mai mutum miliyan 200 da ba su san juna ba. Amsoshin da suka bayar sun fi duk abin da na shirya.

Darasi na huɗu: abin da ya faru da aka gwada

Raba allo biyu, gefe ɗaya abin da aka samu, gefe ɗaya abin da aka rasa, ka yi wa kwaminisanci, ka yi wa jari-hujja. A nan ne amanar malami take, domin yara suna saurin gane inda ka karkata.

'Yan juyin juya hali na Bolshebik ƙarƙashin Lenin sun karɓi mulkin Rasha a 1917, aka kafa Tarayyar Sobiyet a 1922. Ƙasar da akasarin mutanenta manoma ne marasa karatu ta yaƙi jahilci, ta gina manyan masana'antu, ta harba tauraron ɗan'adam na farko a 1957, ta tura Yuri Gagarin sararin samaniya a 1961. A ɗaya gefen, lokacin da Stalin ya tilasta wa manoma haɗe gonakinsu, yunwar 1932 zuwa 1933 ta kashe miliyoyin mutane a Yukren da Kazakistan, aka kuma tura miliyoyi sansanonin aikin dole. A Sin, inda Mao ya kafa gwamnati a 1949, shirin haɗe gonaki da ya fara a 1958 ya jawo yunwar da masana ke ƙiyasta ta ci rayuka tsakanin miliyan 15 zuwa 45. A Kambodiya, ƙarƙashin mulkin 'yan kwaminis daga 1975 zuwa 1979, mutum miliyan ɗaya da rabi zuwa biyu suka salwanta. Katangar Balin da aka gina a 1961 don hana mutanen Jamus ta Gabas tserewa ta faɗi a 1989, Tarayyar Sobiyet kuma ta wargaje a 1991.

Akwai labari ɗaya da nake so kowane malami ya bayar, domin yana komawa kai tsaye ga darasin farko. A 1978, a wani ƙauye mai suna Xiaogang a lardin Anhui na Sin, magidanta 18 suka haɗu a ɓoye suka dangwala yatsa a takarda cewa za su raba gonar gama-gari kowa ya noma nasa kason, su ba gwamnati nata, ragowar ta zama tasu. Abin da suka yi laifi ne a lokacin. Amfanin da suka girbe ya ninka na baya, kuma maimakon a hukunta su, gwamnatin Deng Xiaoping ta baza tsarin a faɗin ƙasar. Da ka gama za ka ji wani yaro ya ce, "Malam, ai gayauna ce!" Daga nan ka tambaye su: Sin ta yau, wadda kayanta suka cika Kantin Kwari, jam'iyyar kwaminis ce ke mulkinta, ga kuma attajirai masu kamfanonin kansu. A wane gida za mu sa ta? Su koma ga tambayoyi ukun, za su ga amsar ta farko ta sauya sosai, ta uku kuwa ba ta sauya ba.

Jari-hujja ma ka buɗe littafinta duka. A gefen riba akwai misalin da ke aljihun kowa: kafin a ba kamfanoni masu zaman kansu lasisin wayar salula a 2001, layukan waya a duk Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba. A gefen asara akwai cinikin bayi ta Tekun Atlantika, da Kwango da Sarki Leopold na Beljiyam ya riƙe a matsayin mallakarsa daga 1885 zuwa 1908 ana yanke hannayen mutane saboda roba. Kuma sayar da kamfanonin rarraba wutar lantarki a 2013 bai hana yaran da ke gabanka karatu da fitilar waya ba.

Maganar addini

Za ta taso, ko ka so ko ka ƙi, saboda haka ka shirya mata. Faɗi gaskiya kai tsaye: falsafar Marx ba ta yarda da samuwar Ubangiji ba, ya ɗauki addini a matsayin abin da ke lallashin wanda ake zalunta ya haƙura da halinsa. Gwamnatin Sobiyet ta rufe masallatai da majami'u da yawa, har a ƙasar Bukhara da Samarƙand, ta kuma rushe babbar majami'ar Mosko a 1931. Sanarwar 1848 ta nemi a soke gado, alhali Musulunci ya tsara rabon gado dalla-dalla, ya halatta ciniki da mallaka. Amma ka ƙara da cewa addinin da ya halatta ciniki shi ne ya haramta riba irin ta bashi da ruwa, ya wajabta zakka, ya hana ɓoye abinci don ya yi tsada. Idan akwai ɗalibai Kirista a ajin, ka ba su dama su faɗi abin da nasu addinin ya ce kan haƙƙin matalauci. Abin da kake so su fita da shi shi ne cewa mutum na iya neman haƙƙin talaka ba tare da ya ɗauki falsafar Marx ba. Tambayar fiƙihu mai zurfi kuwa ka tura ta ga malamin addini, kada ka yi fatawa a darasin Sibik.

Darasi na biyar: kawo maganar gida

Mako guda kafin wannan darasi ka ba su aikin gida: kowa ya sami dattijo ko dattijuwa a danginsu ya tambaye su abin da suka sani game da haraji da jangali, da jam'iyyun NEPU da NPC, da santsi da taɓo, wato ɓangarori biyun da jam'iyyar PRP ta rabu. Su rubuto shafi ɗaya, ba tare da sunan wanda ya ba su labarin ba.

An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, Malam Aminu Kano ya zama shugabanta a 1953. Sanarwar Sawaba ta jam'iyyar ta yi maganar kokawa tsakanin masu riƙe da mulkin En'e da talakawa, kuma wannan lafazi ya yi kama da na Marx. Amma Malam Aminu malamin tafsiri ne, yana kafa hujja da Alƙur'ani da rubuce-rubucen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kan zaluncin masu mulki, kuma ta hanyar zaɓe ya nemi mulki har ya rasu a 1983. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri sau da dama tana neman a bar matan Arewa su kaɗa ƙuri'a, abin da ba su samu ba a duk Jamhuriya ta Farko. NPC kuma, jam'iyyar Sardauna da ta mulki Arewa, ka ba ta haƙƙinta: hujjarta ita ce sauyi a hankali, tare da kiyaye sarauta da haɗin kan Arewa, kuma gwamnatin Sardauna ce ta kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Wannan shi ne misalinka na ra'ayin riƙau, ba sai ka je Ingila nemansa ba.

Da PRP, jam'iyyar da Malam Aminu ya jagoranta a Jamhuriya ta Biyu, ta ci Kano da Kaduna a 1979, Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali. A ƙetaren iyaka, jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary a Nijar ta ƙi amincewa da tayin Faransa a ƙuri'ar raba-gardama ta 1958, aka haramta ta a 1959, daga baya wasu 'ya'yanta suka sami horon soja a ƙasashe irin su Sin suka gwada ɗaukar makami a 1964. Sawaba biyu, hanya biyu, kuma kwatanta su yana koya wa yaro bambancin gurguzun akwatin zaɓe da na bakin bindiga fiye da kowace ma'ana. Idan makarantarku na Kano ko kusa, nemi izini ka kai su Gidan Mumbayya a Gwammaja, gidan Malam Aminu, wanda yanzu cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce ta Jami'ar Bayero.

Rufe darasin da kundin tsarin mulki na 1999 a hannunka. Karanta musu sashe na 43, wanda ya ba kowane ɗan ƙasa damar mallakar kadara, sannan sashe na 16, wanda ya ce kada a tafiyar da tattalin arziki yadda dukiya za ta taru a hannun 'yan tsiraru. Ka ambaci Dokar Amfani da Filaye ta 1978 da ta damƙa filayen kowace jiha amana a hannun gwamna. Ka gaya musu cewa kwamitin da gwamnatin Babangida ta kafa a 1986 don jin ra'ayin jama'a ya ba da shawarar a bi gurguzu, gwamnati ta ƙi, a daidai lokacin da take aiwatar da shirin SAP na sakar wa kasuwa mara. Sai ka tambaye su wace aƙida Nijeriya ke bi, su kawo hujja daga abin da suka ji.

Darasi na shida: muhawara

Zaɓi batu ɗaya da ya shafe su, misali ko ya kamata gwamnati ta riƙe asibitoci da makarantu gaba ɗaya, ko a bar 'yan kasuwa su shigo. Guji batun da zai koma sunan gwamna mai ci ko jam'iyyar da ke neman zaɓe, domin nan take ajin zai rabu irin rabuwar majalisar unguwa. Ka raba ɓangarorin ta ƙuri'a, ta yadda yaro zai iya samun kansa yana kare abin da bai yarda da shi ba. Doka ɗaya nake kafawa: kafin ka mayar da martani, sai ka maimaita hujjar abokin gardamarka har ya ce e, haka nake nufi. Ka lura da 'yan mata da masu sanyin murya, ka ware musu lokacinsu, in ba haka ba mutum biyar ne za su cinye minti 40.

A nan ne za su tambaye ka, "Malam, kai wanne kake goyon baya?" Ina da ra'ayina, kamar kowa. Abin da nake ce musu shi ne akwai abin da ba na ɓoyewa: duk tsarin da ke ɗaure mutum ko kashe shi saboda ya faɗi ra'ayinsa, ina ƙinsa, ko da wane suna ya zo. Amma yawan abin da gwamnati za ta riƙe da wanda za ta bar wa kasuwa, wannan gardama ce da masu hankali da gaskiya suke saɓani a kanta, kuma nan da shekara biyu ko uku su ne za su riƙe katin zaɓe. Yaron da ke jiran maki daga hannunka zai karɓi ra'ayinka don ya faranta maka, ni kuwa ba na son in ci wannan amanar.

Sai jarrabawa

Bayan duk wannan ne za ka ba su ma'anonin da za su haddace, da siffofi biyar-biyar na kowace aƙida da Turanci, yadda masu jarrabawa ke so. Za ka ga sun shige su cikin sauƙi, tun da kowace siffa tana da hoton da ta rataya a kai. Ciro tambayoyin shekarun baya ku warware tare, musamman masu neman bambancin gurguzu da kwaminisanci, da na jari-hujja da gaurayen tsari, don a nan aka fi zubar da maki.

A gwajin aji kuwa nakan ƙara tambaya ɗaya tawa: zaɓi aƙida ɗaya, ka kawo hujja mafi ƙarfi da masu goyon bayanta ke bayarwa, da suka mafi ƙarfi da ake yi mata, kowanne da misali mai shekara da wuri. Maki goma: huɗu na hujja, huɗu na suka, biyu na ingancin misali. Ba na duba wace aƙida yaro ya zaɓa, ko ina ya karkata a ƙarshe. Idan ka mayar musu da takardun, zaɓi amsa biyu masu kyau da suka saɓa wa juna, ka rufe sunayen, ka karanta wa ajin su duka biyun.